Kuɗin Karatu Na Nan, Wa Zai Zauna Da Yaro Ya Cike Fom?

Ranar 1 ga watan Agustan kowace shekara ake buɗe shafin Common App a Amurka. Fom ne guda ɗaya da jami'o'i da kwalejoji sama da 1,000 suka amince su karɓa daga hannun masu neman gurbin karatu. An ƙirƙiro shi a 1975, lokacin makarantu 15 ne kacal a ciki, don kada ɗalibi ya rubuta sunansa da na mahaifinsa sau goma idan makarantu goma yake nema. Daga wannan rana zuwa 1 ga Mayu mai zuwa, ranar da yawancin makarantu ke jiran ɗalibi ya ce zai zo ko ba zai zo ba, ɗan ajin ƙarshe na sakandare yana da wata tara. A cikinsu zai zaɓi makarantu, ya rubuta labarin kansa, ya roƙi malamai su yi masa shaida, ya baje abin da ke aljihun iyayensa a gaban gwamnati, sannan wataƙila ya sa hannu a kan bashin da sai ya yi aure ya haihu yana biya. Duk wannan kaya a kan yaro ɗan shekara 17 ko 18 ne, wanda kuma bai gama da jarrabawar ajin da yake ciki ba.

Ra'ayina a kan wannan tsari shi ne, sau da yawa abin da ke raba ɗan mai hali da ɗan talaka ba ƙwaƙwalwa ba ce, ba ma kuɗin makarantar ba ne. Samun babban mutum ne wanda ya san hanya, wanda zai zauna kusa da yaro ya ce masa: wannan fom yau za mu cike shi, wancan jibi ake rufewa, wannan kuma da suka rubuta a ƙarƙashin tallafi, ka lura, bashi ne. Ɗan mai hali yana da irin wannan mutum a gida, ko a makaranta, ko kuma a biya kuɗi a ɗauko masa. Ɗan talaka kuwa sai wanda Allah ya jefo masa. Na ɗauko misalin Amurka ne saboda can aka fi zuba kuɗi a harkar, can kuma aka fi yin binciken da ya nuna inda kuɗin ke maƙalewa.

A wurinmu, yaro ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ya ci JAMB, ya yi tantancewar jami'a, sai jiran fitar suna. Jami'o'in Amurka masu tsananin zaɓe suna neman abin da ya fi haka. Suna son ganin sakamakon shekaru huɗun sakandare gaba ɗaya, da wasiƙun shaida daga malamai, da jerin abubuwan da yaro yake yi bayan an tashi daga aji, da rubutu wanda bai wuce kalma 650 ba inda zai faɗi ko shi wane ne. Jarrabawar SAT ko ACT, wadda makarantu da dama suka sassauta a lokacin annobar korona, ta fara dawowa: MIT ta mayar da ita dole a 2022, sai Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Makarantu da yawa kuma suna da kuɗin fom ɗinsu, wasu har dala 80 ko fiye. Ana yafe wa marasa hali, amma sai wanda ya san da yafiyar ya nema.

Dubi wannan jeri na abubuwan da ake yi bayan aji. Ɗan mai hali zai rubuta wasan ninkaya, da ƙungiyar muhawara, da tafiyar da ya yi wata ƙasa aikin sa kai. Yarinyar da take tashi daga makaranta ta wuce kanti ta yi aiki har dare, ko take renon ƙannenta uku saboda uwarsu tana aikin kwana, za ta bar wurin fayau, a zatonta ba ta da abin rubutawa. Alhali fom ɗin ya ware wuri na musamman ga ɗawainiyar gida da aikin neman kuɗi, kuma masu tantancewa suna ganin girman hakan. Magana ce ta minti ɗaya, amma sai an samu mai faɗa mata.

Akwai kuma wata ƙofa da ake buɗewa da wuri, wadda suke kira Early Decision. Ɗalibi zai tura takardunsa tun 1 ko 15 ga Nuwamba zuwa makaranta guda, da alkawarin cewa idan an ɗauke shi, zai janye daga sauran ya je can. A makarantu da yawa, kason waɗanda ake ɗauka ta wannan ƙofa ya fi na masu jiran Janairu. To amma wa zai iya yin irin wannan alkawari? Sai wanda babansa zai iya biyan duk abin da aka yanka masa. Ɗan talaka yana bukatar ya ga tayin makarantu uku ko huɗu, ya jera su, ya ga wadda ta fi sauƙi. Don haka ƙofar da ta fi faɗi ta zama ta masu hali, ba tare da an rubuta haka a ko'ina ba. Wannan, a ganina, rashin adalci ne da aka yi wa ado da sunan tsari.

Mu zo ga kuɗi, inda nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wasu jami'o'i masu zaman kansu yanzu sun haura dala 90,000 a shekara idan aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai. Direban babbar mota ko mai sharar asibiti ya ga wannan adadi, ba sai an ce masa ya haƙura ba. Abin da bai sani ba shi ne, wannan farashin na kan takarda ne. Tun 2001 jami'ar Princeton ta daina sa bashi a cikin tallafin da take bayarwa, kyauta ce zalla. A watan Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ɗansu ba zai biya komai ba, har ɗaki da abinci, waɗanda kuma ba su wuce dala 200,000 ba an ɗauke musu kuɗin karatu. MIT ta riga ta yin makamancin haka a ƙarshen 2024. Ke nan yaro haziƙi ɗan gidan talakawa zai iya biyan ƙasa da abin da zai biya a jami'ar jiharsu idan ya je ɗaya daga cikin waɗannan. Doka ma ta tilasta wa makarantu, tun 2011, su sa wata manhajar lissafi a shafukansu, wadda iyali za su shigar da abin da suke samu ta faɗa musu kimanin abin da za su biya. Tana nan a shafin, a wani lungu, tana jiran wanda ya san akwai ta.

Mabuɗin kuɗin gwamnati kuwa fom ɗin FAFSA ne, wanda aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba. Asalin tallafin tarayya yana komawa ga dokar ilimi mai zurfi ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya je har kwalejin da ya yi a garin San Marcos na jihar Teksas ya sa wa hannu. Mutum ne da ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a wani ƙaramin gari mai suna Cotulla, kuma ya sha faɗin cewa bai manta da su ba. A 1972 aka ƙara tallafin da daga baya aka sa wa sunan Sanata Claiborne Pell, kyauta ce ga 'ya'yan marasa hali, ba a biya, kuma a 'yan shekarun nan mafi yawan abin da ake bayarwa shi ne dala 7,395 a shekara. Jihohi da makarantu su ma da wannan fom suke raba nasu kuɗin, wasunsu kuma wanda ya riga zuwa shi ke samu, idan asusu ya ƙare shi ke nan. Ga makarantu masu arzikin kansu akwai fom na biyu, CSS Profile, wanda ya fi tona asiri: yana tambayar darajar gida, da jarin sana'a, har da abin da uban da ya rabu da uwa yake samu. Ka yi tunanin yaron da rabonsa da mahaifinsa shekara takwas, an ce ya nemo shi ya karɓo takardun harajinsa kafin ƙarshen wata. Akwai hanyar neman a ɗauke masa wannan sharaɗi, amma ita ma wata takardar ce.

Bayan an sha duk wannan, sai takardar tayi ta iso a watan Maris ko Afrilu, kuma kowace makaranta da irin rubutunta. Wata za ta jera kyauta da bashi da aikin da ɗalibi zai yi a harabar makaranta duk a layi ɗaya, ta tara su, ta ce ga tallafinka. Wata har bashin da iyaye za su ci take sawa a ciki, sai lissafi ya nuna kamar babu sauran abin biya. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya duba irin waɗannan takardu a ƙarshen 2022, ya ƙiyasta cewa kashi 91 cikin 100 na makarantu ko dai ba sa faɗin ainihin abin da iyali za su biya, ko suna rage shi. Cibiyoyin ilimi ne fa, masu koyar da lissafi da shari'a. Ban yarda cewa sun kasa rubuta takarda mai fayyace kyauta daban, bashi daban ba. Sun ga ruɗanin yana yi musu amfani ne.

Yanzu ga binciken da ya sa na tsaya a kan ra'ayina. Masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby da Christopher Avery, sun bi sawun ɗaliban da suka fi kowa cin jarrabawa a faɗin Amurka, suka wallafa sakamakon a 2012 da 2013. Sun gano cewa mafi yawan haziƙan da suka fito daga gidajen talakawa ba sa ko neman manyan jami'o'in nan, duk da cewa da sun nema da yawansu za a ɗauka, kuma a sauƙaƙe. Ba a ƙi su ba. Su ne ba su ƙwanƙwasa ba, saboda a garinsu ko makarantarsu babu wanda ya taɓa zuwa irin waɗannan wurare, babu malamin da ya ce musu ku gwada. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Daga baya Hoxby da Sarah Turner suka gwada aika wa irin waɗannan yara ambulan ɗauke da bayanin wa'adi, da ainihin farashi, da takardun yafe kuɗin fom. Abin bai wuce dala 6 a kan kowane ɗalibi ba, kuma yawan masu nema da waɗanda aka ɗauka ya ƙaru.

Amma gwajin da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka yi a jihohin Ohio da North Carolina a 2008, a ofisoshin kamfanin H&R Block, inda talakawa ke zuwa a cike musu takardun haraji. Masu bincike, cikinsu har da Eric Bettinger da Bridget Terry Long, sun kasa iyalai kashi uku. Kashi na farko, bayan an gama musu haraji, ma'aikacin ya ɗauki kamar minti goma ya taya su cike FAFSA nan take, tunda yawancin amsoshin suna cikin takardun da ke gabansa. Kashi na biyu an ba su bayani ne kawai a rubuce: ga kimanin tallafin da ɗanku zai samu, ga kuɗin makarantun da ke kusa. Kashi na uku an bar su da ƙasida ta gama-gari. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa 'yan ajin ƙarshen da aka taya iyayensu cike fom, kashi 36 cikin 100 sun kammala shekara biyu a kwaleji, alhali a cikin waɗanda ba a taya ba kashi 28 ne. Waɗanda aka ba bayani kawai kuwa, ba a ga wani canji a yawan masu cike fom ɗin a cikinsu ba.

A tsaya a nan a yi tunani. Ba a ƙara wa kowa ko sisi ba. Tallafin da ke nan jiya shi ne yau. Bambancin kawai shi ne wani ya ja kujera ya zauna da su minti goma. Wa'azi bai yi ba, takarda ba ta yi ba, zaman ne ya yi. Duk wani gwamna ko minista da ke alfahari da cewa ya ware biliyoyi don tallafin karatu, ya kamata a tambaye shi nawa ya ware wa wanda zai zauna da yaron.

Su kansu Amurkawa sun gane fom ɗin ya yi nauyi, a lokacin yana da tambayoyi fiye da 100. A Disamban 2020 majalisa ta yi dokar sauƙaƙa shi. Niyya mai kyau, amma aiwatarwa ta zo da masifa. Sabon fom ɗin da ya kamata a buɗe a Oktoban 2023 bai fito ba sai ƙarshen Disamba, kuma a kwanakin farko 'yan sa'o'i kawai yake aiki a rana. Makarantu ba su fara samun bayanan ɗalibai ba sai a watan Maris na 2024, har da yawansu suka ɗage wa'adin 1 ga Mayu. Yaran da aka haifa a Amurka amma iyayensu baƙi ne marasa lambar shaidar Social Security sun shafe makonni shafin yana ƙin karɓarsu. GAO ta gano cewa a watanni biyar na farko, kusan kashi uku cikin huɗu na kiran wayar da aka yi wa cibiyar taimako ba a amsa ba. Wa ya fi jin jiki? Iyalin da ke da kuɗi a banki sun biya kuɗin kama gurbi, suka ce a yi lissafi daga baya. Wanda ba zai iya ɗaga ƙafa ba sai ya ga takardar tallafi, shi ne ya zauna jira, wasu kuma suka haƙura suka tafi neman aiki. Mu ma mun ga irin wannan rana a watan Mayun 2025, lokacin da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Na yaba masa da ya amsa laifi, abu ne da ba mu saba gani ba. Amma a can da nan, idan na'urar hukuma ta yi tuntuɓe, ɗan talaka ne ke faɗuwa.

Ga kuma bashi. Sama da mutum miliyan 40 a Amurka gwamnatin tarayya ke bi bashin karatu, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6. Bashi ne mai ruwa: wanda ɗaliban digirin farko suka karɓa a zangon 2024 zuwa 2025, ruwansa kashi 6.53 cikin 100 ne. Kuma yana da wuyar gaske kotu ta yafe shi ko da mutum ya karye. Shugaba Joe Biden ya yi yunƙurin yafe dala 10,000 zuwa 20,000 ga miliyoyin mutane, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2023. Waɗanda suka fi shan wuya ba likitoci da lauyoyin da ake bi ɗimbin kuɗi ba ne, domin su albashinsu zai ɗauka. Waɗanda suka ci bashi kaɗan ne, suka yi shekara ɗaya ko biyu, rayuwa ta yi musu tsanani suka bar karatu, ga bashi babu takardar shaida. Da yawansu tun ranar da suka sa hannu ba su fahimci abin da suka sa wa hannu ba. Ga iyalan Musulmi da ke can, har da 'yan uwanmu mazauna Amurka, batun ruwa ƙarin damuwa ne, wanda ya sa sanin bambancin kyauta da bashi ya zama wajibi tun kafin a zaɓi makaranta.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai komai yana intanet, yaron da ke son karatu zai nema, matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma sai ya san akwai abin tambaya, ya kuma san wa zai tambaya. Ƙungiyar malaman ba da shawara ta makarantun Amurka ta ce bai kamata malami ɗaya ya riƙe ɗalibai fiye da 250 ba, amma matsakaicin ƙasar ya haura 370, kuma a makarantun unguwannin talakawa malamin yana fama da rikicin gida da na tarbiyya kafin ya kai ga maganar jami'a. A ɗaya ɓangaren, masu hali suna biyan dubban daloli ga ƙwararru masu zaman kansu su tsara wa ɗansu komai, daga zaɓen makaranta har gyaran rubutu. Wasu ma ba su tsaya nan ba. A watan Maris na 2019 aka bankaɗo badaƙalar wani mai suna Rick Singer, wanda attajirai da 'yan fim suka biya miliyoyin daloli ya sayo wa 'ya'yansu gurbi ta hanyar maguɗin jarrabawa da ƙaryar wasanni. Idan wanda yake da komai yana ganin ɗansa ba zai iya shi kaɗai ba, da wane baki za a ce wa maraya ya je ya bincika da kansa?

Jihar Louisiana ta gwada wata dabara daga 2018: ba za ka karɓi shaidar gama sakandare ba sai ka cike FAFSA, ko iyayenka su sa hannu cewa ba sa so. Nan da nan jihar ta hau sahun gaba a yawan masu cikewa, saboda dole ta sa makarantu suka ware rana da malamai don aikin. A 2024 hukumar ilimin jihar ta janye dokar da hujjar 'yancin iyaye. Ina ganin kuskure suka yi.

Ina wannan ya shafe mu? Ta fuska biyu. Ta farko, a zangon 2023 zuwa 2024 ɗalibai 20,029 'yan Najeriya ne ke karatu a Amurka, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Ba na jin akwai mai musun cewa kason Arewa a cikinsu bai kai yawan jama'arta ba. Ga wanda yake da wannan buri, ya sani FAFSA da tallafin Pell ba na baƙi ba ne. Dogaronsa kuɗin makarantar ne kanta. 'Yan ƙalilan, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, ba sa duba talaucin ɗalibin waje yayin ɗauka, kuma idan sun ɗauke shi suna cike masa abin da ya gaza. Sauran suna dubawa. Shiga waɗannan kuwa yana da matuƙar wuya, kuma dokokin biza sun ƙara tsauri ga 'yan Najeriya tun 2025, don haka kada wani ya jingina rayuwarsa gaba ɗaya a kan wannan hanya. Amma shawara kyauta ce a cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas, suna ma da shirin da ke biya wa haziƙai marasa hali kuɗin jarrabawa da na fom. Wanda zai gwada ya fara tun yana aji biyar na sakandare. Kuma duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi da tallafi a Harvard, ɓarawo ne, a guje shi.

Fuska ta biyu ita ce wadda ta fi damuna, domin ta shafi miliyoyi. Yanzu mu ma muna da asusun ba ɗalibai bashin karatu, NELFUND. Dokar farko da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta tun a zanin goyo: sai abin da iyali ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai an kawo masu tsayawa biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo su? A Afrilun 2024 aka sake dokar aka cire waɗannan, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Babu ruwa a bashin, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba shi naira 20,000 a wata, biya kuma sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Ta wannan fuska ya fi na Amurka tausayi. Sai dai bashi ne, za a biya, kuma ya kamata a faɗa wa yara haka ƙarara. Sannan ba ya zuwa sai yaro ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati.

Kafin a kai can fa? Nan ne yaranmu ke zubewa. Sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardar WAEC da harafi ɗaya. Ranar haihuwa ta bambanta. An yi rajistar JAMB da layin wayar wani, layin ya ɓata. Yarinya tana son aikin jinya amma darussan da aka zaɓa mata ba su dace ba. An ba yaro gurbi a shafin CAPS na JAMB, bai san ana shiga a danna amincewa ba, har lokaci ya wuce. A gidaje da yawa, mutumin da ke yanke wa yaro makomarsa shi ne saurayin da ke zaune a gaban kwamfuta a shagon intanet, wanda layi ya yi masa yawa, yake cewa “sa masa wannan kawai, ya fi sauƙin samu.” Ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ne. Aikin makaranta ne, kuma tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar samar da malaman ba da shawara. A makarantun gwamnati da yawa, ofishin yana nan da allo a ƙofa, malamin kuma an ba shi darasi uku yana koyarwa saboda ƙarancin ma'aikata.

Gyaran wannan bai kai gina aji ɗaya tsada ba. Kowane shugaban makarantar sakandare zai iya ware malami guda da mako guda a zangon farko na aji shida, a duba NIN ɗin kowane ɗalibi, a daidaita suna da ranar haihuwa, a buɗe ƙasidar JAMB a ga darussan da kowane kwas ke bukata. Masu hidimar ƙasa da ake turowa makarantu sun bi wannan hanya shekaru kaɗan da suka wuce, sun fi kowa sanin ramukanta, a ba su wannan aiki. Hukumomin tallafin karatu na jihohi su daina jira a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai an zo, su fita ƙananan hukumomi da kwamfuta a hannu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ke tara kuɗi su yi fenti da liyafar shekara, su ƙara da ranar zama da 'yan ajin ƙarshe, musamman a makarantun 'yan mata, inda kuskure ɗaya a fom kan zama ƙarshen karatu gaba ɗaya, domin ba kowane gida ne zai ba yarinya damar sake gwadawa baɗi ba.

Kai kuma mai karatu da Allah ya sa ka taɓa shiga jami'a ko kwaleji, akwai ɗan aji shida a gidanku ko a layinku wanda iyayensa ba su taɓa ganin fom ɗin JAMB ba. Kada ka tsaya a kan yi masa nasiha ya dage da karatu. Ka kira shi ya zo da takardunsa kafin a buɗe rajista ta gaba, ku zauna ku duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da zai je cike fom ka raka shi.